Shamuwa da Keken Baba

Na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ba su wurin. Kwanan baya a gidan wani suna na ji da kunnena wata yarinya, wadda ko cikinta ba a yi ba a lokacin, tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ai ni ce Madam Hadiza, tsohuwar malamar lakwal ɗin nan, wato makarantar boko, da ta sace tsoho daga gidan ɗansa ta kai gidan miji saboda kallon tsuntsaye. Sace! Kamar akuya. Na juyo na dube ta har sai da ta rasa inda za ta sa hannunta, amma na ƙyale ta, don ba laifinta ba ne, abin da ta taras ana faɗi ne. Ku ma ƴaƴana da shi kuka tashi. Ke Rabi kika laƙa mini suna Uwar Shamuwa, kika kuma kawo mini madubin hangen nesa daga Yamai kina dariya. Kai Mamman duk kaka sai ka tambaye ni ko ƴan uwana sun yi mini sallama. Ba wanda ya taɓa zama cikinku ya tambaye ni me ya raba ni da kawunku Illa. To, yau za ku ji, ko kun tambaya ko ba ku tambaya ba.

Kakanku manomi ne na Barmu, kuma da tsuntsaye yake lissafin shekara. A tsakar gidanmu akwai wani gawo da shamuwa ke sheƙa a kai duk damina. Ba a jifar ta, ba a taɓa ƙwanta, ba a sare reshen da ta zauna, ko da kashinta zai zubo cikin tukunyar Inna. Baba ya ce baƙuwa ce da ke zuwa da ruwa, ita za ta yi sallama da kanta. In kaka ta yi, ranar da za su tafi, sai ya ajiye ko wane aiki yake yi, ya bi su da ƙafa har bakin gonarsa ta kudu, ya tsaya yana kallon su har su ɓace. Rakiya yake ce wa wannan, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa fashin ta ba.

Yaya Illa shi ne ɗan fari. Ku yaran yanzu da kuke ɗora ɗan fari a wuya kuna yi masa hoto ba za ku gane ba, amma a wurin su Baba ɗan fari abin kunya ne. Ba a wasa da shi, ba a yabon shi a gaban mutane, ba a kiran sunan shi. Ni tun da na buɗe ido ban taɓa jin kalmar Illa a bakin Baba ba. "Wancan" yake cewa. Alhali kuwa Yaya ne mai idon gidan. Kowace shekara shi ke fara hango shamuwa ta farko, ya sheƙo da gudu yana haki. Baba ba zai ko dube shi ba, sai ya juya wajen Inna ya ce:

"Ce ma wancan shi hiddo iri."

Iyakar ladar ke nan. Yaya ya girma ya tafi Abijan kamar sauran samarin Adar, ya daɗe, ya dawo Alhaji, ya buɗe kantin atamfa a kasuwar Tawa, ya gina gidan siminti mai ƙofar ƙarfe. Ba zan ci haƙƙinsa ba: bai taɓa barin Baba da yunwa ba, kuma shi ya tsaya a kan karatuna har na zama malama.

Shekarar da nake ba ku labari, Inna ta riga ta rasu. Ana gama shuka Baba ya faɗi a gona. Aka kawo shi likita nan Tawa, aka ce ɓarin jikinsa na dama ya mutu, harshe kuma ya tafi. Da aka sallame shi, gidan Yaya aka kai shi, yadda ya kamata. Aka ba shi ɗaki mai katifa da fanka da tele, aka aiko masa da keken marasa lafiya sabo fil daga Abijan. Mutane suna ta zuwa dubiya suna sa wa Alhaji albarka. Shi kuwa mai ɗakin ya juya fuska ga bango. Mutumin da rufin ɗaki bai taɓa riƙe shi bayan sallar asuba ba, ga shi kwance ana kunna masa ƴan kokawa a tele. Ko "a'a" ba ya cewa. Matar Yaya, Hajiya Ai, mace mai haƙuri, ita ke ba shi kunu da cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo.

Lokacin muna cikin hutun lakwal, kullum ina can. Wata safiya za mu komo daga likita inda ake motsa masa jiki, motar Yaya ba ta zo ba, na gaji da jira na ce bari in tura shi da ƙafa. Don in rage hanya sai na ratsa ta jardan, garkar nan ta tsakiyar gari da kuka sani. A lokacin ma ba wani kyau gare ta ba: kujerun siminti duk sun fashe, ƴan makaranta masu shirin jarrabawa na haddar darasi ƙarƙashin itatuwan bedi, mai shayi a bakin ƙofa, daga ƙasa kuma wani kwari da ruwan damina ke taruwa ya zama tabki. Amma a tsakiya akwai wani tsohon gawo, tsirara ba ganye yadda gawo ke yi da damina, kowane reshe da sheƙar shamuwa. Ƴaƴan sun fara girma, suna ta miƙo wuya. Ina cikin turawa sai na ji keken ya cije. Ashe Baba ne ya sa hannunsa na hagu ya riƙe taya. Ya ɗaga kai sama, bakinsa yana rawa, yawu na zuba, ya yi ta fama, ya yi ta fama, sannan ya ce:

"Sha... muwa."

Wallahi durƙushewa na yi a cikin ƙasa ina kuka, ƴan makaranta suna kallona. Kalmarsa ta farko ke nan tun ranar da ya faɗi.

Daga ranar kullum sai mun je, da hantsi da kuma bayan la'asar. Hajiya Ai takan zuba mana kunu a kwano ta ɗaure da ƙyalle. Ni da nake koya wa ƴaƴan mutane karatu, sai ga ni ina koyon sunan tsuntsaye a bakin mutumin da aka ce ba shi da baki. Da sunayen harshen ya riƙa dawowa, ɗaya bayan ɗaya. Hasbiya. Cilakowa. Balbela. Da damina ta ja baya, gero ya fara nuna, ruwan tabkin ya fara janyewa ya bar laka, sai baƙi suka soma sauka, waɗanda ni ban taɓa lura akwai su a duniya ba. Kirinjijiya garke guda suna fito kamar makiyaya. Ladin kogi da dogayen ƙafafunta ja tana takawa a hankali don kada ta ɓata riga. Tsattsewa suna yankar iska a kan ruwa. Wata rana na nuna masa wani dogon tsuntsu toka-toka da ke tsaye cikin ruwa ba motsi, na ce, "Baba, ga babbar balbela." Ya yi wani tsaki da rabin baki, irin wanda yake mini tun ina yarinya in na zubar da hatsi, ya ce:

"Zalɓe. Malamar banza."

Na yi dariya har da hawaye. Zagi ne, amma kalma uku ce a jere. Ya fara cin tuwo da hannunsa na hagu. Ya fara tambayar ko an fara yankan gero a Barmu. Kullum kuma kafin mu tashi sai ya dubi rassan gawon da kyau. Na tambaye shi me yake nema, ya ce toho. In gawo ya fara toho, shamuwa ta kusa tafiya, kuma shi bana ma sai ya yi rakiya, ko a keke ne.

To, ga abin da ya ɓata komai, ku ji ƙanƙantarsa. Wata Juma'a wata baiwar Allah ta shigo jardan da kwanon masa tana rabon sadaka. Ta ga tsoho a keke, hula da farin kashin tsuntsu, sai ta ajiye masa guda a cinya ta wuce. Kafin in buɗe baki Baba ya ɗauka ya kai baki, yana ci yana lumshe ido, don rabonsa da masa tun Barmu. Ni ban ga abin tashin hankali ba. Ashe wani maƙwabcin kantin Yaya yana tsaye wurin mai shayi yana kallo. Kafin a sauko daga masallaci labari ya zagaye layin ƴan atamfa: uban Alhaji Illa na bara a jardan.

Muna shiga gida bayan la'asar muka taras da Yaya tsaye a tsakar gida, ko babbar rigar Juma'a bai tuɓe ba.

"Hadiza, mi na yi miki a duniya? Mi na rage ma tsohon ga da za ki kai shi bakin hanya ana ba shi sadaka?"

"Yaya, ba bakin hanya ba ne, jardan ne. Magana yake yi can. Ka zo gobe ka ji da kunnenka."

"In ji mi? Sunan tsuntsu? Ana nuna ni da baki cikin kasuwa, ke kina ce mini tsuntsu! Dubi hularshi. Haka uban mai ɗiya ke yawo?"

Duk wannan a kan Baba ake yi, yana zaune a tsakaninmu, kuma ba wanda ya tambaye shi. Shi ma da ya ga ɗan farinsa sai ya sunkuyar da kai ya yi gum, yadda ya saba. Abin da ya cuce mu ke nan: a gaban Yaya bai taɓa furta ko kalma ɗaya ba, don haka Yaya bai taɓa yarda yana magana ba. Aka ɗauke shi aka kwantar, Yaya ya tura keken cikin mangaza, ɗakinsa na ajiya, ya sa kwaɗo.

Na bi ta lalama, Allah ne shaida. Na roƙa, na ce zan riƙa sa masa malafa, zan riƙa korar masu sadaka. Na sa baffanmu ya zo daga Barmu, shi kuma ya sha shayin Alhaji ya karɓi turmin atamfa ya ce mini mace ba ta ja da yayanta. Baba ya koma bango. Kunu ya koma zubowa. Na zauna kusa da shi ina kiran hasbiya, ina kiran zalɓe, ko motsi. Ga hutu ya kusa ƙarewa. Rannan na bi ta jardan ni kaɗai na ɗaga kai, sai na ga ɗanyen toho a rassan gawo. Na iso gida raina a ɓace, na taras da babanku yana wanke babur. Na ce masa zan ɗauko Baba in kawo nan.

Kun san babanku, Allah ya jiƙansa, ba ya gaggawar magana. Ya matse tsumma, ya shanya, sannan ya ce:

"Kin san abin da za a ce. Uba da ɗa namiji a gari, shi kwana gidan suruki? Shi kanshi tsohon kunya za ta kashe shi."

"Bango ma kashe shi yake yi."

"To, ki tambaye shi. In ya yarda, ni zan koma zaure."

Na tambaye shi. Wannan shi ne abin da masu cewa sata ba su taɓa faɗi ba. Na durƙusa a bakin katifa na ce, Baba, gidan surukinka ne, mutane za su yi magana, amma kullum zan kai ka jardan, gawo ya yi toho. Sai ya juyo daga bango, ya miƙo mini hannun hagu. Hajiya Ai tana tsaye bakin ƙofa. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye makullin mangaza a kan tabarma ta shige madafa. Da rana tsaka na fito da ubana ta ƙofar gida, ina gaisawa da maƙwabta. Ɓarawon da ke sallama da mutanen unguwa, ku nuna mini shi.

Yaya ya zo kafin magariba. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya, unguwa duk ta fito. Ya ce na tozarta shi, na nuna wa duniya ya kasa riƙon ubansa. Na ce ni ban ce ya kasa ciyarwa ba, amma mutum ba rago ba ne da za a ɗaure a ɗaki a riƙa zuba masa dusa. Na san maganar ta yi zafi, kuma har yau ban janye ta ba. Ya ce daga ranar ba shi da ƙanwa. Babanku kuwa ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, a can yake ci a can yake kwana, in zai wuce ƙofar ɗakin Baba sai ya tuɓe takalmi ya sunkuya, don kada tsoho ya ji nauyi.

Ranar tafiyar ta faɗo Lahadi, shi ya sa babanku ya biyo mu a kan babur. Tun daga ƙofa muka ga abin ya sake. Shamuwa ba ta kan gawo, duk sun sauka a filin bakin tabki, ga wasu suna ta isowa daga ƙauyuka, fili ya yi baƙi da fari. Ƴaƴan bana suna ta buɗe fiffike suna rufewa. Da rana ta fara zafi sai na farko suka tashi, ba kaɗa fiffike, suna kewayawa suna hawa, wasu suka bi. Baba ya gyara zama, idonsa ya yi haske. Sai na ji ya damƙi hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ce, tsaf, ba rawar baki:

"Illa. Kira Illa. Shi zo shi gani."

Na dubi babanku, ya dube ni. Mutumin nan ya aurar da ɗansa, ya ga jikoki ta wajensa, bai taɓa kiran sunan ba, sai yau. Babanku bai jira na ce komai ba ya tayar da babur ya nufi kasuwa. Baba ya sa hannun hagu ya riƙa jan taya har keken ya juya ya fuskanci ƙofar jardan. Na ce, Baba, ga su can sun tashi, duba sama. Bai duba ba. Na ce, Baba, za su wuce fa, zan gaya maka in ya iso. Ko gezau. Duk babur ɗin da ya gifta sai ya miƙa wuya. A bayansa sama ta cika da shamuwa, suna juyawa suna ƙanƙancewa, har suka miƙe kudu. Ƴan makaranta sun ajiye littafi suna kallo, mai shayi ya fito yana kallo, kowa a jardan ya ga tafiyar nan ban da wanda ya yi damina guda yana jiran ta.

Babanku ya dawo shi kaɗai. Sai daga baya ya gaya mini yadda suka yi. Ya ce wa Yaya tsoho na kiran shi, da sunan shi. Yaya yana auna yadi, bai ko ɗago ba, ya ce:

"Tun da anka haihe ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ku koma ku shirya wata dabara."

Baba ya dubi babur, ya dubi bayan babur inda ba kowa. Can ya ce:

"Sun tahi?"

Na ce, "Sun tahi, Baba."

Bai ƙara tambayar kowa ba. Na ci gaba da kai shi jardan bayan na taso daga lakwal, yana kallon ƴan kirinjijiyar da suka rage har tabkin ya ƙafe, amma maganar ta riƙa raguwa. Ya rasu cikin sanyin shekarar, a ɗakina. Yaya ya zo da mota ya ɗauki gawa, a gidansa aka yi zaman makoki, ban hana ba. A wurin na same shi na ce, Yaya, wallahi Baba ya kira sunanka. A gaban dangi ya ce ƙarya nake, ina neman wanke kaina ne, tsoho ya mutu bai ƙara magana ba tun da ya faɗi. Wannan ce ta fi ci mini rai, har gobe. Bai zo sunan autarku Sa'a ba. Dangin Barmu suka daina sauka gidana. Da babanku ya rasu, Yaya ya zo ya zauna cikin maza ya yi fatiha ya tafi, kuma da aka rufe babanku aka rufe shaidata guda ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu, kun san ciwon da ya kayar da Baba ya kayar da kawunku farkon daminar bana. Shekaranjiya Hajiya Ai ta zo gidan nan, karo na farko tun wancan lokaci, ta tsufa ƙwarai. Ta ce ƴaƴansa sun sa masa na'urar sanyaya ɗaki da tele mai faɗin ƙofa, ba su bari kowa ya gan shi a haka, shi kuwa ya juya fuska ga bango. Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye makullin ƙofar gida a kan tabarmata.

Kada wani cikinku ya ce na huce. Ban huce ba. Keken Baba yana nan a ɗakin ajiya, na sa an yi masa walda, kuma jiya na ga toho a gawon jardan. Zan shiga gidan Yaya da rana tsaka in tambaye shi, kamar yadda na tambayi Baba. In ya miƙo hannu, zan kai shi gindin gawon nan in juya keken ya fuskanci ƙofa, in gaya masa a nan ubansa ya kira sunansa, a nan ya zauna yana jiran shi har sama ta zama wayam. Wannan karon ba shi da bakin ce mini maƙaryaciya, zai ji har ƙarshe. In na gama, sai in juyo da shi ya dubi sama. Shi ne mai idon gidanmu, shi ke fara ganin zuwan su, kuma akwai rakiya ɗaya da Baba ya bari bai yi ba saboda shi.